Daga fatar sil zuwa maiƙon farin beyar: tambayoyi da amsoshi kan abin da wasannin ƙanƙara suka aro daga dabbobi

Wanda ya kalli gasar Olympics ta lokacin hunturu a talabijin, abin da zai gani kaya ne masu sheƙi: roba, alminiyom, zaren kabon, riguna masu ɗame jiki. Babu abin da zai tuna masa da dabba. Amma idan aka bi salsalar da yawa daga cikin kayan nan, sai a tarar dabarar tana jikin wata halitta da ke rayuwa inda ruwa ke daskarewa fiye da rabin shekara.

Da gaske ne daga dabbobi aka kwaikwayo kayan wasannin ƙanƙara?

Wasu da gaske ne, wasu kuwa zancen 'yan talla ne. Hanya mafi tsufa ma ba kwaikwayo ba ce, aro ne kai tsaye. Mutanen da ke zaune can ƙuryar arewacin duniya, wato Inuwit na Kanada da Girinlan da Alaska, da Sami na arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, da ƙabilun Saiberiya, sun lura da amfanin da gashi da fata da ƙashi ke yi wa dabba, sai suka ɗauko su suka sa a ƙafa da jiki. Daga baya masana'antu suka nemo roba da nailan da za su yi aikin. Sai a 'yan shekarun nan ne masu bincike suke sa tafin ƙafar dabba ƙarƙashin madubin ƙara girma don su ga abin da ke wurin.

Abin da ba na jin daɗinsa a yadda ake ba da labarin shi ne, a yabi dabba, a yabi injiniya, a tsallake mafarauci da matarsa mai ɗinki, alhali su ne suka fara ganowa, kuma da rayukansu suka gwada.

Ta yaya mutum ke hawa tudu da katakon zamiya ba tare da ya sulale baya ba?

Nan ne aron ya fi fitowa fili. Katakon zamiya, wanda ake kira siki, an yi shi ne don ya yi santsi. Santsin da ke taimako a gangare shi ne masifa a hawa. Maganin yana jikin sil, dabbar tekun nan mai shayarwa da ke fitowa kan ƙanƙara tana jan ciki. Gashinta gajere ne, mai ƙarfi, kuma duk ya kwanta gefe guda, daga kai zuwa wutsiya.

Duk wanda ya taɓa shafa bayan akuya ya san abin: ka bi kwanciyar gashin, hannunka ya wuce sumul, ka dawo baya, gashin ya miƙe ya tokare ka. To haka ake yi. A yanko fatar doguwa daidai faɗin katakon, a shimfiɗa ta a ƙasansa, kwanciyar gashin tana kallon baya. Idan mai tafiya ya tura ƙafa gaba, gashin ya kwanta, katakon ya zame. Da zarar ya taka ya ɗora nauyinsa, katakon ya nemi komawa baya, dubban silin gashi su miƙe su cake cikin dusar ƙanƙara. Ya ɗaga dugadugi, ya turo ɗaya ƙafar. Haka zai yi ta yi har ƙololuwa, inda zai ɓare fatar, ya naɗe ta ya cusa cikin riga, ya gangaro.

Ba mutanen bakin teku kaɗai suka san wannan ba. A duwatsun Altai da ke yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, har yau ana yin katakon zamiya ana lulluɓe ƙasansa da fatar ƙafar doki, a riƙe sanda guda ɗaya doguwa. A Saiberiya fatar ƙafar barewar ƙanƙara suke sawa, wata dabba mai ƙaho rassa-rassa ta ƙasashen sanyi. A arewacin Suwidin da Finlan kuwa an daɗe ana amfani da katako biyu marasa tsawo ɗaya: gajere mai fata na tunkuɗawa, dogo wanda aka shafa wa kitse na zamewa.

Wasan hawa dutse da siki ya samu shiga gasar Olympics a karon farko a 2026, a garin Bormio na Italiya, kuma saurin manna fatar nan da ɓare ta yana cikin abin da ke raba na ɗaya da na biyu.

Har yanzu fatar sil ake amfani da ita?

A'a, sunan ne kawai ya rage. Yanzu saƙa ce ta nailan, ko ta gashin akuyar Angora, ko haɗin biyun, da gam a bayanta. Gashin akuyar ya fi zamewa da sauri, shi ya sa 'yan tsere suka fi son sa. Nailan ya fi riƙo da ƙarko. Akuyar nan ba ta ƙanƙara ba ce, asalinta yankin Ankara ne na Turkiyya, kuma kusan rabin gashinta da ake sayarwa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa.

Takalmin nan mai faɗi na tafiya kan dusar ƙanƙara fa, wa aka kwaikwaya?

Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta da ƙarfi, mutum na iya nutsewa a ciki har gwiwa ko ƙugu, kuma tafiyar kilomita ɗaya a haka ta isa ta ƙarar da ƙarfin ƙato. Dabbobin dazuzzukan Kanada sun warware wannan da faɗin ƙafa. Akwai zomo mai manyan ƙafafun baya cike da gashi, yana ware yatsu idan ya taka. Kyanwar dajin da ke farautarsa ita ma daginta ya kai faɗin santimita 10, abin da ya yi wa jikinta girma. Akwai tsuntsuwa dangin fakara, tarmigan, wadda gashi ke tsiro mata har kan yatsu idan hunturu ya gabato. Barewar ƙanƙara tana da kofato mai warewa. Dabarar ɗaya ce: a raba nauyi a kan fili mai faɗi.

'Yan asalin Arewacin Amurka sun lanƙwasa itace suka yi zobe, suka saƙa cikinsa da ƙirin fatar barewa, raga-raga don dusar ta riƙa zubewa ta ramukan kada ta taru ta yi nauyi. Kowace ƙabila da siffar da ta dace da ƙasarta. 'Yan Kiri, masu yawo a fili inda dusa ke da zurfi da laushi, nasu dogo ne, ya kusa mita 2, bakinsa a ɗage. Masu shiga kurmi suka yi gajere mai zagaye da ake kira dagin beyar, don a iya juyawa tsakanin itatuwa. Na zamani mai ƙarfen alminiyom da ƙayoyi a ƙasa ya fito ne a farkon shekarun 1970 a Amurka, daga hannun 'yan uwa biyu, Gene da Bill Prater.

Me ya sa farin beyar ba ya zamewa a kan ƙanƙara?

Dabba ce mai cin nama ta ƙuryar arewacin duniya, wadda namijinta kan wuce kilo 500, ga ta tana gudu tana farauta a kan teku daskararre. Daginta ya kai faɗin santimita 30, da gashi tsakanin yatsu, da gajerun farata masu lanƙwasa. Amma abin da ya ja hankalin masu bincike yana kan fatar tafin: ƙananan ƙuraje birjik. A 2022 masana a Jami'ar Akron ta Amurka suka auna su, suka kwatanta da na sauran beyar masu zama a daji. Suka tarar na farin beyar sun fi tsawo da kusan rabi, kuma lissafinsu ya nuna wannan tsawon na iya ƙara riƙo a kan dusar ƙanƙara da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ba banza ba ne aikin ya fito daga Akron, garin da ya yi suna da masana'antun taya. Burinsu taya da tafin takalmi.

Akwai takalmin da aka tabbatar daga ƙafar dabba aka ɗauko shi?

Akwai, sai dai dabbar ba ta daji ba ce. A 1935 wani Ba'amurke mai tuƙa jirgin ruwa, Paul Sperry, ya ga karensa yana gudu a kan ƙanƙara ba ya faɗuwa. Ya ɗaga ƙafar karen ya ga tsage-tsage a tafin. Ya ɗauki wuƙa ya tsattsaga tafin roba, ya samu takalmin da ba ya santsi a kan jiƙaƙƙen daɓen jirgi. Siraran tsage irin waɗannan suna cike a tayoyin hunturu da takalman sanyi na yau, suna buɗewa su kwashe ɗan ruwan da ke saman ƙanƙara.

Ƙarfen ƙayoyi da masu hawa dutse ke ɗaurawa a takalmi kuwa, ko da yake ana yawan kwatanta shi da farce, aikin injiniya ne da maƙeri: Oscar Eckenstein ya zana mai ƙaya 10 a 1908, Henry Grivel na Italiya ya ƙera.

Na ji an hana wani kakin da ake shafa wa siki. Mene ne haɗinsa da farin beyar?

Wannan shi ne wurin da binciken ya fi muhimmanci a yau, a ganina. Siki yana gudu ne a kan ɗan siririn ruwan da gogayya ke narkarwa. Idan ruwan ya yi yawa sai ya tsotse katakon ya rage masa gudu. Daga shekarun 1980 'yan tsere sun riƙa shafa kaki mai sinadarin fulorin, saboda yana korar ruwa da datti fiye da komai. Matsalar ita ce sinadaran nan, da ake kira PFAS, ba sa ruɓewa. Suna kankaruwa su zauna a dusa, bazara ta zo su bi ruwa su shiga ƙasa da koguna. Ma'aikatan da ke narka kakin da dutsen guga a ƙananan ɗakuna suna shaƙar hayaƙinsa, kuma gwaje-gwaje a Suwidin da Norwe sun samu sinadaran da yawa a jininsu. Hukumar wasan siki ta duniya, FIS, ta haramta shi gaba ɗaya daga kakar 2023 zuwa 2024. A tseren farko na kakar, a Sölden ta Ostiriya, aka cire 'yar Norwe Ragnhild Mowinckel daga gasa bayan na'ura ta nuna fulorin a katakonta.

Sai aka shiga neman madadi. Farin beyar yana nutso cikin ruwan teku, ya fito cikin iska mai daskarar da komai, ya girgije, amma ƙanƙara ba ta yi masa dunƙule a gashi. Bodil Holst ta Jami'ar Bergen da abokan aikinta, ciki har da masana na Kwalejin Trinity da ke Dublin, suka buga sakamakonsu a Janairun 2025. Sirrin maiƙo ne, wanda fatar ke fitarwa ya bi gashin. Sun daskarar da ƙanƙara a kan gashin suka auna ƙarfin da ake buƙata a ture ta. Gashin da ba a wanke ba ya saki ƙanƙara da sauƙi daidai da fatar siki mai fulorin. Da suka wanke maiƙon, sai ƙanƙara ta manne masa kamar yadda take manne wa gashin mutum. Da suka tantance maiƙon sai suka ga ba shi da wani sinadari, sikwalin, wanda ke cikin maiƙon jikin ɗan Adam, kuma sinadarin yana son manne wa ƙanƙara.

Babu wanda ke shirin tatsar maiƙon beyar. Haɗa makamancinsa ake son yi. Abin da ya fi taɓa ni a aikin shi ne sun ambaci cewa mafarautan Inuwit sun daɗe suna sa gashin beyar a ƙafafun 'yar kujerar da suke zama a kai suna dakon sil a bakin rami, da kuma ƙarƙashin takalmi, don su motsa a kan ƙanƙara babu ƙara, babu mannewa.

Rigunan sanyi fa?

Abin da ke riƙe ɗumi iska ce da aka tsare ta hana ta yawo. Gashin barewar ƙanƙara yana da rami-rami a ciki cike da iska. Matan Inuwit suna ɗinka riga biyu da fatarta: ta ciki gashin na kallon jiki, ta waje gashin na kallon waje. Rigar sakwa-sakwa ce, babu maɓalli a gaba, don idan mutum ya yi aiki ya fara zufa ya sassauta wuya tururin ya fita, domin a irin wannan sanyi jiƙewa da gumi hanyar mutuwa ce. A bakin hular suna sa gashin wolbarin, wata dabba mai kama da ƙaramin beyar, saboda raɓar numfashi da ta daskare a kansa bugu ɗaya take kakkaɓewa. Roald Amundsen, ɗan Norwe mai binciken ƙasashen ƙanƙara, ya zauna kusa da Inuwit na Netsilik da ke Kanada a tafiyarsa ta 1903 zuwa 1906, ya koyi sa tufafin nan da tuƙa karnuka, kuma da wannan ilimin ya isa ƙuryar kudancin duniya ranar 14 ga Disamba, 1911. Tsarin sa tufafi hawa-hawa da masu siki ke bi yau, mai tsotse gumi a ciki, mai riƙe ɗumi a tsakiya, mai tare iska a waje, amsa ce ga matsalar da matan nan suka riga suka warware.

Rigar nan mai kumbura kuwa daga tsuntsu ta zo. Ƙarƙashin gashin agwagwa da dinya akwai wani lallausan gashi maras ƙashi, mai rassa sirara da ke sarƙe juna. A 1922 George Finch, masanin kimiyya haifaffen Ostareliya, ya je dutsen Everest da riga koriya da aka cusa wa irin wannan gashi cikin yadin balan-balan. Abokan tafiyarsa masu kwat ɗin ulu suka yi ta yi masa dariya, har sanyi ya sa suka daina. Ya hau sama da mita 8,300. Aibin gashin shi ne idan ya jiƙe sai ya cure ya daina aiki, shi ya sa rundunar sojan Amurka ta nemi na roba, aka samar da PrimaLoft a shekarun 1980.

Gaskiya ne gashin farin beyar yana jan hasken rana ya kai wa fatarsa?

Fatarsa baƙa ce, gashin kuma ba fari ba ne, garai yake, da rami a tsakiya. Wannan duk gaskiya ne. Amma cewa kowane sili yana jan haske kamar wayar gilashi, Daniel Koon, masanin kimiyya a Amurka, ya gwada a 1998 ya ga hasken ba ya nisa a cikin silin yake mutuwa. Abin da ya tabbata shi ne ramin yana tsare iska. A kan wannan ne masana a Jami'ar Zhejiang ta Sin suka yi wani zare a 2023, cikinsa kumfa-kumfa, bayansa da ɓawo mai ƙarfi, suka saƙa riga da kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na rigar gashin tsuntsu ba, ta riƙe ɗumi daidai da ita.

Tabarau na ƙanƙara daga idon wace dabba aka samo shi?

Ba daga ta kowa ba. Sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani, kuma hasken yana ƙaruwa da wajen kashi 10 a duk mita 1,000 da aka hau. Yini guda babu kariya, fatar ƙwayar ido ta ƙone, mutum ya kwana biyu yana hawaye ba ya iya buɗe ido. Barewar ƙanƙara tana ganin wannan hasken ma, kamar yadda bincike a Landan ya nuna a 2011, yana taimaka mata ta hango gansakukar da take ci da gashin kyarkeci, don baƙi suke fito mata a kan fari. Mutum ba shi da wannan baiwa. Inuwit suka sassaƙa ƙahon barewa ko hauren dabbar teku daidai fuska, suka tsaga siririyar kafa, suka shafa kunkunniya a ciki. Kayan aikin na dabba ne, dabarar tasu ce.

An ce hular kwano an kwaikwayi kan tsuntsun da ke ƙwanƙwasa itace. Haka ne?

An daɗe ana faɗa, har wasu sun zana huluna a kai. A 2022 Sam Van Wassenbergh na Jami'ar Antwerp ta Beljiyom ya ɗauki tsuntsayen da kyamara mai saurin gaske, ya nuna ƙoƙon kansu ba ya shanye bugu ko kaɗan, guduma ce mai tauri. Ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ce ke cetonsu. A shekarar kuma aka duba ƙwaƙwalwar bijimin ƙanƙara na Girinlan, wanda mazansa ke karo da kai a guje, aka samu alamun rauni irin na masu yawan buguwa a ka. Wannan darasi ne mai nauyi, tunda kan yara da manya ake karewa. Tsarin MIPS da ke cikin hulunan siki da yawa, wanda aka fara aikinsa a Suwidin a 1996, ya kwaikwayi jikin mutum ne: yadda ƙwaƙwalwa ke ɗan zamewa cikin ruwan da ke kewaye da ita. Shimfiɗa ce a cikin hular da ke gocewa milimita 10 zuwa 15 idan kai ya bugu a karkace.

Masu kwanciya rub da ciki su sulalo, tsuntsun fengwin suka kwaikwaya?

Kama ce kawai: fengwin, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, shi ma yana sulalawa da ciki a kan ƙanƙara. Wasan, wanda ake kira skeleton, inda ake kwanciya kan ƙaramin abin zamiya a gangaro, ya samo asali ne a St. Moritz ta Switzalan a shekarun 1880, wurin Turawan Ingila masu zuwa hutu. Shi ne wasan da Simidele Adeagbo ta wakilci Najeriya a ciki a gasar 2018 a Koriya ta Kudu, Akwasi Frimpong ya wakilci Gana. Abin da masana ke nema a jikin fengwin gashinsa ne: yana sakin ƙananan kumfar iska da ke rage masa jan ruwa idan zai yi tsalle ya fito, kuma ƙanƙara ba ta kama shi. A 2022 Jami'ar McGill ta Kanada ta saƙa ragar ƙarfe a kan tsarin gashin, amma wayoyin lantarki da fukafukan jirgi take nufi da ita.

Ana kashe dabbobi saboda kayan nan?

Yawancin gashin cusa riga daga agwagi da dinya yake zuwa, waɗanda aka yanka don nama, galibi a Sin da gabashin Turai. An sha kama gonaki suna fige tsuntsu da ransa, wanda zalunci ne tsagwaronsa, shi ya sa aka kafa shaidar da ke bin sawun gashi daga gona zuwa shago, kuma ya kamata mai saye ya duba ta. A Aislan abin ya bambanta. Agwagwar teku da ake kira aida, wadda doka ke karewa a ƙasar tun 1847, da kanta take fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwai. Manoma suna gadin sheƙunan daga dila da tsuntsaye masu cin ƙwai, su ɗebi gashin su sa busasshiyar ciyawa a madadinsa. Sai an bi sheƙa 50 zuwa 60 kafin a tara kilo guda.

Batun sil ya fi ɗaci. Turai ta hana shigo da fatar jariran sil a 1983 saboda farautar kasuwanci da ake yi a gabar Kanada, Tarayyar Turai kuma ta faɗaɗa haramcin a 2009. An keɓe Inuwit daga dokar, tunda su manyan sil suke kamawa, su ci naman, su ɗinka fatar. Amma masu saye ba su bambance ba. Kasuwar ta rushe gaba ɗaya, farashin fata ya faɗi warwas, kuma a ƙauyukan Nunabut da Girinlan mafarauta da yawa suka rasa kuɗin man fetur da harsashin da za su fita farautar abincin gidansu.